Wai da gaske an yi wasan waƙa kan ziyarar Nixon a Sin?

Tambaya: Malam barka da aiki, jiya a majalisarmu ta mai shayi a Ƙofar Soro wani ɗalibi ya ce wai Turawa sun mai da ganawar shugaban Amurka da na Sin wasan waƙa, muka ce ƙarya yake, don Allah a raba mana gardama. Daga mai karatu, Katsina.

Amsa: Ɗan'uwa ku ba yaron nan haƙuri, gaskiya ya faɗa. Sunan wasan Nixon in China, irin wanda suke kira opera, wato diramar da ba a magana sai rera waƙa tun daga farko har ƙarshe, gaisuwa ma waƙa ce. John Adams ne ya tsara kiɗan, Alice Goodman ta rubuta baitocin, aka fara nuna shi a birnin Houston na Amurka a 1987.

Labarin kuwa ziyarar shugaban Amurka Nixon ce ta Fabrairun 1972, ga jirgi ya sauka kan dandamali, firaministan Sin Zhou Enlai ya tarbe shi, sannan aka kai shi wurin jagoran Sin Mao da tsufa ya ci ƙarfinsa, Nixon na son zancen siyasa shi kuwa dattijon sai falsafa da zaurance yake zubawa, sakatarorinsa uku na ta maimaitawa kamar 'yan amshi. Ni dai nan ne ya fi burge ni wallahi.