Kafin ka kunce wayar mutum

Sabi'u, jiya muna rufe shago ka tambaye ni dalilin da na hana ka kunce wayar dattijon nan da ya zo daga ƙauye, alhali ya ce ba ta riƙe sabis, batirinta kuma kafin azahar ya zuƙe. Magariba ta kawo jiki, ban ba ka amsa yadda ya kamata ba. To ga ta.

Waya ƙaramar rediyo ce mai ji kuma mai magana. Ba da wayar wanda ka kira take magana kai tsaye ba, ko da yana tsaye kusa da kai a nan Farm Centre. Da ƙarfen sabis take magana. Kamfani ya yanka gari gunduwa-gunduwa kamar gonakin gado, kowane yanki da ƙarfensa. Kana kunna waya sai ta lalubi wanda ya fi ƙarfi a kusa, layin da ke cikinta ya gabatar da kansa, na'urar kamfani ta tantance shi, ta rubuta yankin da kake. Shi ya sa in an kira ka ba sai an neme ka a duk Najeriya ba. Kana cikin mota daga Kano zuwa Zariya kuwa, ƙarfe na miƙa ka ga ƙarfe, kana ta hirarka ba ka sani ba.

Muryar ma ba murya take tafiya ba. Wayar na mayar da ita lambobi, ta tura su guntu-guntu. A tsarin GSM, wanda ya iso mana a 2001, tasha guda an raba ta gida takwas, kowa na jefa nasa guntun a lokacinsa, cikin saurin da kunne ba ya iya kamawa. In gidajen suka cika, kamar ranar Hawan Daushe, sai ka ga sabis cike a fuskar waya amma kira ya ƙi shiga. Wannan ba aikin bulowa ba ne, wato na'urar nan mai hura iska mai zafi da muke gyara da ita.

Yanzu dawo kan dattijo. Garinsu nesa yake da ƙarfe. Mutum in yana kiran na nesa dole ya ɗaga murya, haka ita ma waya: ƙarfen ne ke umartar ta ta ƙara ƙarfin aikawa, har ta kai wat 2 a zangon 900, ɗaya daga cikin zangunan mitar rediyo da GSM ke aiki a kansu. In sabis ya ɓace kuma sai ta yi ta lalube ba hutu. Nan batir ke tafiya, bayanta ya ɗau zafi. Da dare in janareton ƙarfen ya mutu, duk garin ne zai rasa sabis, kowa kuma wayarsa zai zarga. Ka ga da na sa layinsa a tawa, na sa nawa a tasa, duk biyun sun kama nan take? Lafiyarta ƙalau.

Ina yaron shago kamarka na taɓa gasa fanel, wato allon cikin wayar wata mata, saboda "ba sabis", ashe layinta aka rufe. Wayar ba ta sake tashi ba. Har yau ina tuna yadda ta ƙulle ta a bakin zani ta tafi ba ta ce mini komai ba.

Saboda haka in an kawo maka irinta, fara da musanya layi. Ka danna *#06# ka ga lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar kanta, lambobi 15 ne. In ba ta fito ba, to matsalar a ciki take. Ka tambayi inda aka sayo ta, don wasu na hannu da ake kawowa daga Amurka a kulle suke da kamfaninsu na can, wasu kuma ba su da zangon 4G ɗin da layin mutum ke amfani da shi. Ka tambaya ko ta faɗi ko ta sha ruwa. Sai duk wannan ya wuce za ka ɗauki sukudireba, kuma siririn kebul ɗin eriya za ka fara dubawa, don sau da yawa shi ne ya fice daga mazauninsa. Gobe akwai wata Tecno a aljihun tebur na ƙasa, ita za ka fara gwadawa ina kallo.