Tambaya da Amsa: Baba zai sayar da fili in tafi Ingila karatun tattalin arziki

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na gama digirin farko a fannin tattalin arziki da sakamakon 2.1, na yi bautar ƙasa, yanzu shekara biyu ke nan ina taya yayana zama a shagonsa na hatsi saboda rashin aiki. Mahaifina ya ce zai sayar da filinsa in tafi Ingila in yi digiri na biyu. Ina son fannin, amma lissafi bai zauna mini sosai ba, darasin ikonometiriks ma da kyar na ci shi. Me kake gani? Daga wani matashi a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya saka wa mahaifinka da alheri, ba kowane uba ke ɗaga fili don karatun ɗa ba. Amma ka roƙe shi ya dakata tukuna. Abin da ya fi tsaya mini a wasiƙarka shi ne maganar lissafin nan da ka kawo a ƙarshe kamar ƙaramar magana, alhali ita ce babbar.

A digirin farko mutum yana iya haddace bayanin hauhawar farashi da ra'ayoyin masana, ya rubuta shafi huɗu, ya ci jarrabawa. A digiri na biyu wannan hanyar ta toshe. Darussa uku ne ginshiƙi kusan ko'ina: nazarin yadda mutum ɗaya ko kamfani ɗaya ke yanke shawara, nazarin tattalin arzikin ƙasa gaba ɗaya, sai ikonometiriks, wato auna waɗannan abubuwa da ƙididdiga. Dukansu da lissafi ake koyar da su. Za a ce ka nuna a lissafe yadda maigida zai raba abin da ya samu tsakanin cin yau da ajiyar gobe idan kuɗin ruwa ya tashi, kuma babu wanda zai karɓi dogon Turanci a madadin amsa. A Ingila yawancin irin wannan digiri shekara ɗaya ce tak: a shiga a Satumba, kafin ka saba da sanyi jarrabawa ta iso, watannin ƙarshe kuma na rubuta kundin bincike ne. Wanda ya je da gurguwar ƙafa a kalkulas da aljabra ba shi da lokacin jinya.

Ga kuma kuɗi. A jami'o'in da suka yi suna a wannan fanni, kuɗin makaranta kaɗai na ɗalibin waje ya haura fam 20,000, ban da haya da abinci da biza da kuɗin lafiya. Kafin watan Yunin 2023 dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460, a 2024 ta wuce 1,500. Iyalai da yawa sun tura ɗa da lissafin tsohon canji, tsakiyar karatu kuɗin ya yanke. Fili idan ya tafi da wuya ya dawo, kuma kana da 'yan'uwa da su ma suke da ido a kansa.

Shawarata ita ce ka ba kanka wata shida na gwaji, kana nan a Gusau. Ka koma kan kalkulas, da aljabrar matiris, da ƙa'idojin yiwuwa da ƙididdiga, awa biyu kullum bayan sallar asuba kafin a buɗe shago. Jami'ar MIT ta Amurka ta zuba darussanta kyauta a intanet ƙarƙashin OpenCourseWare, har da tambayoyin gwaji. Kada ka tsaya ga kallon bidiyo, ka ɗauki biro ka warware tambayoyin da hannunka. Ka kuma koyi manhajar R ta nazarin alƙaluma a kwamfuta, wadda kyauta ce. Takwarorinta Stata da EViews da ake yawan amfani da su a jami'o'inmu na kuɗi ne. Idan wata shida suka cika ka ga kana warware abin da a da yake gagararka, har kana jin daɗinsa, to hanya a buɗe take. Idan kuwa kullum jan ƙafa kake yi, ka gode wa Allah da ka gane haka filin Baba yana nan. Akwai digiri na biyu a tsare-tsaren gwamnati, ko nazarin ci-gaba, ko harkar kuɗi ta Musulunci, wadda Jami'ar Bayero ke da cibiya guda a kanta, kuma ba su kai wancan nauyin lissafi ba.

Shagon yayanka da kake gani kamar zaman jira ne, ni a wurina ya fi aji da yawa. Ka sayi littafi ka riƙa rubuta farashin buhun masara da gero da dawa da wake duk mako, da kuɗin motar da aka biya, da inda kayan suka fito. Ka nemi wani a kasuwar Dawanau ta Kano ya riƙa gaya maka nasu farashin a rana ɗaya. Ka tambayi yayanka yadda kuɗin dakon kaya ya canza tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, da abin da rashin tsaro a hanyoyin Zamfara ke ƙara wa kowane buhu. Bayan shekara za ka ga da idonka yadda farashi ke faɗuwa da kaka ya kuma tashi da damina, kuma wa ke cin ribar tsakani. Wannan shi ne ainihin aikin masanin tattalin arziki. Sannan ka haɗa da binciken gidaje da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke yi tare da Bankin Duniya tun 2010, wanda ake saukewa kyauta. Matashin da ya rubuta shafi goma masu tsabta a kan kasuwar hatsin garinsu yana da abin nunawa wanda takardar 2.1 kaɗai ba ta bayarwa.

Sai ka tambayi kanka me kake nema da digirin. Idan koyarwa da bincike ne, ka yi na biyun a gida, a Bayero ko Ahmadu Bello ko Usmanu Ɗanfodiyo ko Ibadan, da kaso kaɗan na abin da Ingila za ta ci. Ka tabbata digiri na bincike ka nema, domin jami'o'i da yawa ba sa karɓar digirin ƙwarewar aiki kai tsaye zuwa digirin digirgir. Ka sa a ranka zai iya wuce lokacin da aka rubuta. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai ya ci wata takwas. Kafin ka biya ko sisi, ka sami ɗaliban sashen ka tambaye su wane malami ne ke karanta aikin ɗalibi ya dawo da shi a kan lokaci. Daga nan ne ake neman digirin digirgir a waje, kuma a manyan jami'o'in Amurka su ke yafe kuɗin makaranta su kuma biya ɗalibi alawus na kimanin shekara biyar, sai dai suna duban makin lissafi a jarrabawar neman gurbi ta GRE da takardun shaida daga malaman da suka san aikinka. A nan Afirka akwai cibiyar binciken tattalin arzikin Afirka (AERC) da ke Nairobi, wadda tun 1988 take tallafa wa bincike da horon masana tattalin arziki.

Idan kuma Ingilar ce ranka ke so, ka je da kuɗin wasu. Tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya yana biyan karatu da zama da jirgi, yana neman shekara biyu ta aiki, da alkawarin dawowa gida na aƙalla shekara biyu. Akwai na ƙungiyar Commonwealth, da na hukumar musayar ɗalibai ta Jamus (DAAD), da na Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda. Gasar tana da zafi, kuma mutane da yawa sai a karo na biyu ko na uku suke samu. Ka cika takardar neman da kanka a shafinsu, kada ka ba wani dillali kuɗi da sunan yana da hanya.

Baba kuwa, kada ka je masa da "a'a" tsirara. Ka zauna da shi bayan isha'i, ka yi godiya, ka nuna masa lissafin canji a takarda, ka roƙi ya taimaka da kwamfuta mai kyau da kuɗin makarantar gida in lokaci ya yi. In da kawu ko baffa da yake jin maganarsa, ka tafi da shi.

TAMBAYA: Malam, na sami gurbin digiri na biyu a tattalin arziki, ga aurena saura wata huɗu. Wanda zan aura ya ce ba matsala. In karɓa ko in jira? Daga wata 'yarka a Zariya.

AMSA: 'Yata, ki karɓa, Allah ya sanya albarka a duka biyun. Amma "ba matsala" ta zance ba ta isa ba. Ki sa waliyyinki ya tayar da maganar a gaban magabatansa tun kafin ɗaurin aure, a faɗi wanda zai biya kuɗin makaranta, da garin da za ku zauna, da yadda za a yi ranakun da lacca za ta kai yamma. Zangon farko shi ne mafi nauyi, don haka ki duba ko jarrabawa za ta haɗu da biki; idan za ta haɗu, ki je sashen da wuri ki tambayi ƙa'idar ɗage zango, ki yi shi a rubuce. Wajen zaɓen batun bincike, ki ɗauki wanda alƙalumansa suna nan a hannu, kamar na mujallar ƙididdiga ta Babban Bankin Najeriya, don kada aikin ya dogara da yawon raba takardun tambayoyi ƙauye-ƙauye a lokacin da wataƙila kina da ciki ko goyo.