Faransanci ko Larabci, wanne zai fi min amfani a Chadi?

Malam, tunda ka ce saro da sayarwa za ka je yi Injamena, wallahi Larabcin Chadi zaka fara kamawa, irin wanda muke kira Shuwa a Borno. Shi ake yi a kasuwa, a tasi, har wanda ya fito kudu yana jin Ngambay ko Sara da shi yake ciniki. Kuma fa ba Larabcin islamiyya bane, in ka zo da fusha, wato Larabcin littafi, za a gane ka amma amsar da za su baka sai ka yi ta lalube.

Faransanci shi ne na ofis, banki, kwastan, takardu, tun kafin samun 'yancin kai a 1960. Dukansu biyu harsunan gwamnati ne a tsarin mulki amma a aikace takarda ta fi tafiya da Faransanci, musamman garuruwan Mundu da Sarh a kudu, garin Abeshe a gabas kam Larabci ne.

Ka kula da lissafi sosai: riyal ɗaya sefa 5 ne kamar dala a Nijar, in an ce miya riyal, wato riyal ɗari, to sefa 500 ake nufi. Hausawa ma suna nan da yawa, ba zaka rasa mai maka tafinta ba.