Katin Feat nawa ya halatta a wasan HeroClix na maki 300?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Aboabo ne a Kumasi. Yayana ya aiko min da kwalin 'yan mutum-mutumin HeroClix daga Amurka, akwai katuna a ciki. Muna bugawa da abokina bayan la'asar, kowa na haɗa rundunar da jimillar makinta ba ta wuce 300 ba. Shi kullum sai ya jibga katunan Feat na maki 55 a kan jarumi ɗaya ya share ni, ya ce ba dokar da ta hana. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokinka ya wuce gona da iri. Dokar Feat, wato katunan da ke ƙara wa jarumi baiwa, ita ce jimillar makinsu kada ta haura kashi 10 cikin 100 na makin wasan. A wasan 300, iyakarsa 30. Kuma talatin ɗin nan daga cikin ɗari ukun ake cire su: in ya cika su, 'yan wasansa ba za su wuce 270 ba. Sai ya ajiye katunan maki 25 ko fiye kafin ku zauna.

Amma fara zazzage kwalin a kan tabarma ka raba katunan gida biyu, don nan ne mutane ke rikicewa. Akwai katin da ke tafiya da kowane mutum-mutumi, mai sunansa da lambarsa, yana fassara launukan da ke leƙowa ta tagar faifan ƙarƙashin ƙafarsa. Kamfanin WizKids ya fito da wasan a 2002 ba tare da irin wannan kati ba, sai a 2007 aka fara haɗa su. Wannan ba ya cin maki ko ɗaya, katin shaida ne kawai. Feat kuwa ƙarin baiwa ce da ake saye da maki, makinta na rubuce a jiki, da sharaɗin wanda ya cancanci ɗaukarta. Karanta sharaɗin nan da kyau. Sau da yawa za ka tarar jarumin da aka liƙa wa katin ma bai cika shi ba.

Ko da ya tsaya a 30, akwai wani takunkumi, dokar uku. Duk yawan ƙarin da aka tara wa lambar hari, ko kariya, ko gudu, ko ɓarna, ba ya wuce 3 a kan lambar asali. Mai hari 10 ba zai haura 13 ba, ko katunan sun kai tsayin buhun gawayi. Ragi ma haka. A ganina wannan ita ce doka mafi adalci a wasan, don ita ke hana mai cikakken kwali cin kowa da kuɗinsa.

Duba gindin 'yan mutum-mutumin kuma. Mai zoben azurfa ba a saka irinsa biyu a runduna ɗaya. Mai koren zobe, wanda ake kira Prime, ɗaya tak aka yarda da shi a duk rundunar.

Abin da ya kamata ku daidaita tun kafin a jefa dayis shi ne zamanin da kuke bi. Feat tsohon kaya ne, an daina buga shi tuni, kuma gasar zamani ba ta karɓarsa. Sai tsarin da ake kira Golden Age, inda tsoho da sabo ke haɗuwa. Tunda a zaure kuke bugawa, zaɓi naku ne. Ni da zan ba ku shawara, ku yi mako biyu babu Feat sam, har kowa ya san faifan 'yan wasansa da ka, sannan ku dawo da su a kan 30. Kowa ya rubuta lissafinsa a takarda ya miƙa wa ɗan'uwansa ya duba kafin a shimfiɗa taswira.