Tambaya da Amsa: A Ɗiga Nonon Tinya a Kogon Haƙori?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Maigidana ne haƙorinsa ya yi kogo, ciwo ya hana shi barci. Wani ƙanensa ya ce a samo tinya a ɗiga nononta a cikin kogon, wai ciwon zai mutu murus. Na tuna kakata takan dafa mana nonon kurciya idan muna gudawa, kuma an ce danginsu ɗaya da tinya. Mu gwada? (Wata mai karatu, Malumfashi)

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba maigida lafiya. Kada ku gwada.

Gaskiya ne danginsu ɗaya. Tinya, aguwa, fid-da-sartse da nonon kurciya duk masana tsirrai suna kiransu Euphorbia, kuma kowanne kika karya sai farin ruwa ya tsattsafo. Amma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, ko kusa. Tinya fa ita ce a da can mafarauta suke haɗawa cikin dafin kibiya, masunta kuma su zuba a ruwa kifi ya taso.

Ƙanen maigida bai yi ƙarya ba, ciwon kan lafa. A cikin nonon tinya akwai sinadarai biyu, tinyatoxin da resiniferatoxin, masu kama jijiyar nan da yajin barkono yake kamawa a harshe. Na biyun ya ninka tsantsar sinadarin barkono yaji wajen sau 1,000. Idan ya taɓa jijiyar haƙori sai ya ƙone bakinta, ta daina kai saƙon ciwo. To amma ƙwayoyin cutar da suka ci haƙorin suna nan daram, suna tara mugunya a saiwa ba mai ji, har ranar da kunci zai kumbura. Kafin nan ma, a bakin da yawu ke yawo wa zai tsare ɗigon a kogon? Dasashi da harshe su saluɓe, in an haɗiye a yi ta amai da zawo, maƙogwaro na iya kumbura.

A Amurka ana gwajin resiniferatoxin ga masu matsanancin ciwon daji, amma tatacce ne, awonsa bai kai ƙwayar gero ba, kuma sai an sa majinyaci barci. Har wanda aka tace ɗin ma ba a rantsuwa a kansa: man Picato, da aka samo daga wata Euphorbia don ciwon fata, Amurka ta amince da shi a 2012, amma a 2020 Turai ta janye shi saboda ana ganin yana ƙara haɗarin kansar fata.

Abin da ya fi kawo mana mutane kantin magani game da waɗannan tsirrai kuwa shi ne nononsu ya shiga ido. Mutum ya sari shingen aguwa ko tinya, ya share gumi da hannu, shi ke nan. In haka ta faru a yi ta kwarara ruwa mai tsabta a idon na minti 20, a wuce asibiti. Ban da ɗiga nonon uwa ko manja, don Allah.

Kakarki kuwa, Allah ya saka mata, ta san abin da take yi. Nonon kurciya mai sauƙi ne, yana da sinadarin quercitrin da wasu masu ɗaure ciki. Duk da haka yaro mai gudawa ruwan jikinsa ne abin tsoro, don haka ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinc su ne farko.

Shi maigida ya sha paracetamol, ko ibuprofen in ba shi da gyambon ciki, ya riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri, ya danna kanumfari a wurin. Wannan na kwana ɗaya ko biyu ne kafin ya ga likitan haƙori, a cike kogon ko a cire. In kika ga kumburi, zazzaɓi, ko baki ya ƙi buɗuwa, ku tafi asibiti a ranar, ko da dare ne.