An sallame ni daga aiki a Ingila, zan koma gida: haraji zai biyo ni?

Ɗan'uwa, Allah ya musanya maka da mafi alheri. Ka ce aikinka a Manchester ya ƙare, za ka koma Kaduna a watan Satumba, kana tambaya ko hawa jirgi ya raba ka da HMRC, hukumar harajin Birtaniya. Bai raba ku ba tukuna.

Biza daban, haraji daban. Kwana 60 da ake ba mai bizar aiki bayan aikinsa ya ƙare lissafin shige da fice ne. Ita HMRC shekararta daga 6 ga Afrilu take farawa, ta ƙare 5 ga Afrilu. Wanda ya yi kwana 183 a Ingila a cikinta mazauni ne a lissafin haraji, babu gardama. Kai ba za ka kai ba, amma kada ka saki jiki, don suna duba gida, iyali da aikin da ka yi a shekarar.

Abin da za ka nema shi ne a raba maka shekarar biyu: kafin tashinka kana mazauni, bayan tashinka ba mazauni ba. Tunda ba wani aiki za ka kama a gida ba, sai ka rabu da gidanka na can kwata-kwata, kada ka cika kwana 16 a Ingila a sauran shekarar, kuma ka kafu a Najeriya cikin wata 6. A nan na ga mutanenmu suna faɗawa rami: maigida ya taho, ya bar uwargida da yara a gidan haya su ƙarasa makaranta. A wurin HMRC, har yanzu yana da gida.

Da na tashi barin can, fom ɗin P85 na sanar da HMRC barin ƙasa na cike, na haɗa da P45, takardar albashi da harajin da aka cire, da wurin aiki suka ba ni. Mai yiwuwa ma HMRC ce za ta biya ka, saboda rangwamen fam 12,570 da ba a cire wa haraji a shekara ana rarraba shi ne a kan wata 12, kai kuwa albashi ya tsaya a tsakiya. Kada ka rufe asusun bankinka kafin kuɗin su shigo. Cekin fam a Kaduna ciwon kai ne. Kuɗin sallama, fam 30,000 na farko babu haraji, amma abin da aka biya ka a madadin wa'adin sanarwar sallama ana cire masa kamar albashi.

Najeriya ma kwana 183 take ƙirgawa, kuma akwai yarjejeniyar 1987 da ta hana a caje ka sau biyu. Adana tikitin jirgi da takardar miƙa makullin gida, su za ka nuna in an tambaya.