Zafin Salansa Bayan Sabis

Tambaya: Malam, tunda aka yi wa Hilux ɗina mai injin dizal sabis, zafin hayaƙin salansa ya ƙaru, musamman a hawa. Mene ne dalili?

Amsa: Yallaɓai, hayaƙin dizal yana ƙara zafi idan iska ta ragu alhali man da ake fesawa bai ragu ba, saboda haka a fara duba inda bakanike ya taɓa. Galibi tiyon da ke ɗauko iska daga tabo (turbo, na'urar da ke tura ƙarin iska cikin injin) ne ba a ɗaure sosai ba, sai iskar ta riƙa zurarewa, baƙin hayaƙi ya biyo baya. A duba zaman filtar iska, sannan a gwada nozul, wato abin da ke fesa mai cikin injin. Kafin a gyara, kada ka ɗora wa motar kaya masu nauyi, domin zafin yana lalata tabo.